In An Tsokane Ka: Yadda Mai Bi Zai Riƙe Kansa

Duk wanda ya taso a ikilisiya ya san kamun kai yana cikin albarkar Ruhu da aka lissafa a Galatiyawa 5:22-23, yaran makarantar Lahadi ma sun haddace. Abin da ba a cika koya mana ba shi ne yadda ake yin sa a tasha da tsakar rana, sa'ad da kwandasta ya riƙe maka canji, ka yi magana, ya haɗa maka da zagin uwa a gaban jama'a. A kan wannan nake so mu yi magana, musamman da samarinmu. Ni bakanike ne, ina gyaran babura da keke a kudancin Kaduna, ina kuma cikin dattawan da ake kira in an sami saɓani a ikilisiyarmu. Abin da zan faɗa, a gareji da wurin zaman sulhu na tsince shi, na kuma auna shi da Maganar Allah.

In raba zance tun farko. 'Yan bindigar da ke shiga ƙauye da dare hari suke kawowa, maganarsu daban ce. Ni tsokana nake nufi: zagi, gori, habaici, baƙar magana, ture, cin fuska, sharri. Irin abin da ke sa zuciya ta tafasa alhali zaɓi yana hannunka tukuna.

Faɗanka ba naka kaɗai ba ne

Akwai garuruwan da mutum biyu za su ba hammata iska a kasuwa, a raba su, kowa ya karkaɗe rigarsa ya kama gabansa. A namu garuruwan ba kullum ake ƙarewa haka ba. In ɗaya ɗan coci ne ɗaya ɗan masallaci, kafin labari ya kai ƙarshen layi an sauya masa suna. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 daga gardama ya fara a wurin taron ɗalibai a Kwalejin Ilimi, cikin 'yan kwanaki wuta ta kai Zariya da Kaduna. Na Zangon Kataf a 1992 a kan sauya wa kasuwa wuri ya tashi. Na Jos, ranar 7 ga Satumba 2001, ya fara da sa-in-sa a kan wucewa ta hanyar da aka tare lokacin sallar Juma'a a unguwar Congo Russia, kafin mako ya cika an rasa ɗaruruwan rayuka. Tushen waɗannan rikice-rikice ya fi haka zurfi: siyasa, maganar ƙasa da sarauta, tsohon ƙulli da aka gada. Amma kowane ɗaya sai da aka sami bakin da ya fara da bakin da ya amsa.

Mu mutanen Kaduna mun san abin da aka biya. Bayan rikicin Fabrairu 2000 da na Nuwamba 2002 kogin Kaduna ya zama iyaka tsakanin Kirista da Musulmi. Wanda aka haifa a Tudun Wada ya tsinci kansa a Sabon Tasha ko Narayi, wanda ya gina gida a Television ya sayar ya koma Rigasa. Don haka in kana tsaye kana shawarar ko za ka rama, ka sa tsohuwar da ke tuyan ƙosai a bakin layinku cikin lissafi, da yaran da ba su dawo daga makaranta ba.

Littafin Mahukunta ya ba mu mutum biyu da kabila ɗaya ta tsokana a kan magana iri ɗaya. A sura 8 mutanen Ifraimu suka taso wa Gidiyon da faɗa, wai me ya sa bai kira su yaƙin Madayanawa ba. Gidiyon ne ya ci yaƙin, yana da bakin yin gori. Sai ya ce musu, me na yi in aka gwada da ku? Ai a hannunku Allah ya ba da Oreb da Ziyib, shugabannin Madayanawa. Nan take suka huce. A sura 12 suka zo wa Yefta da irin wannan ƙorafi, har da barazanar ƙona masa gida. Yefta ya amsa da cewa ya kira su, su ne suka ƙi zuwa. Ya tara mutanen Gileyad, aka gwabza, aka tare musu mashigin Kogin Urdun, mutum 42,000 na Ifraimu suka mutu, duk 'yan'uwan juna. Mai yiwuwa Yefta ya fi su gaskiya. Gaskiyar tasa ba ta tashi ko mutum ɗaya daga mashigin Urdun ba.

Shirin da ake yi tun daga gida

Birki a gareji ake gyara shi. Wanda ya bari sai ya hau gangara kafin ya tuna da takalmin birkinsa ya makara. Yawancin samarin da nake zama da su bayan sun yi faɗa maganarsu ɗaya ce: "Baba, ban san lokacin da na kai masa hannu ba." Na yarda da su, domin a lokacin fushi mutum abin da ya saba yake yi. Aikin kuwa shi ne ka sauya abin da ka saba tun ana zaune lafiya.

Ka fara da sanin inda ke maka ciwo. Kowa da nasa. Wani ko ka zage shi tun safe har dare dariya zai yi, amma ka ambaci uwarsa idonsa ya rufe. Wani gorin talauci ne, wani gorin rashin haihuwa, wani a raina kabilarsa, wani a tsawata masa a gaban budurwa ko a gaban yaran shagonsa. Ka zauna ka lissafa naka da gaske, in ya yiwu ka rubuta. In kana da aure tambayi matarka, ta fi ka sani. Amfanin wannan shi ne ranar da aka taɓa wurin za ka gane cewa an zo inda ka sani, ba za a shammace ka ba.

Sai ka lura da lokutan da ƙarfinka ke raguwa. Yunwa, rashin barci, bashi da ya taso, rana ta yi zafi kana cikin cunkoso a gadar Kaduna tun awa guda. A irin wannan hali ƙaramar magana takan yi nauyin babba. In ka san ka fito gida rai a ɓace, ka rage magana a ranar. Giya da burukutu da ƙwaya kuwa ba sai na daɗe a kansu ba: ban taɓa ganin wanda ya sha tramadol ya iya haɗiye zagi ba, kuma kusan duk faɗan da ke tashi a wurin biki daga wajen masu sha yake fitowa.

Kada ka fita da wuƙa a ƙugu ko gora a ƙarƙashin kujerar keke da sunan ko-ta-kwana. Wanda ke ɗauke da makami ba ya sassauta murya, domin ya san abin da ya taka. Bitrus yana da takobi a daren da aka kama Yesu, shi ya sa kunnen Malkus, bawan babban firist, ya faɗi, Ubangiji kuma ya ce wa Bitrus ya mai da takobin kube.

Ka tanadi maganar da za ka faɗa. Wannan yakan ba samari mamaki, amma yana aiki ƙwarai. Jimla biyu ko uku gajeru, ka maimaita su har su zauna a bakinka: "Yi haƙuri, ba faɗa na zo yi ba." "Na ji ka, Allah ya huci zuciyarka." "Mu bari sai an jima mu yi magana." Lokacin da ƙwaƙwalwa ta tsaya, baki yakan ɗauko abin da ya fi kusa, to ka tabbata waɗannan ne a kusa. Ka haddace Yakubu 1:19-20 kuma, inda aka ce mu yi saurin ji, mu yi jinkirin magana da jinkirin fushi, domin fushin mutum ba ya aikata adalcin Allah. A addu'ar safe kada ka tsaya ga "Ubangiji ka ba ni haƙuri" kawai. Ka kira wurin da mutumin: "Yau zan haɗu da mai gidan hayarmu a kan kuɗin wuta, ka tsare bakina." Kamun kai aikin Ruhu Mai Tsarki ne a cikinmu, roƙonsa ake yi, amma roƙon da ya san inda za shi.

Sa'ad da abin ya zo

Jikinka zai riga ka sani. Zuciya ta shiga bugawa da sauri, baki ya bushe, kunne ya yi zafi, hannu ya dunƙule da kansa. Haka Allah ya yi jiki, yana shirin faɗa ko gudu, wannan kuma ba zunubi ba ne tukuna. Afisawa 4:26 ta yarda za a yi fushi, abin da ta hana shi ne fushin ya kai ga zunubi. Tsakanin wannan bugun zuciya da abin da za ka yi akwai ɗan lokaci kaɗan, a nan duk aikin yake.

Fara da hannu. Duk abin da ke riƙe a hannunka, ajiye shi. A garejina doka ce: in murya ta tashi, spana da guduma da sukundireba su sauka ƙasa kafin kowa ya ƙara cewa uffan. Mai nama ya ajiye wuƙa, uwargida ta ajiye muciya, direba ya bar jak inda yake. Sa'an nan ka buɗe tafin hannunka ko ka mai da hannu baya. Kada ka nuna mutum da yatsa, kada ka yi masa daƙuwa, kada ka taɓa rigarsa ko da wasa. Cin kwala shi ne iyakar da in an ƙetare ba a cika komowa ba.

Sai ƙafa. Ja da baya taku biyu, yadda hannunsa ba zai kai gare ka ba, naka ma ba zai kai gare shi ba. In da wurin zama, zauna. Da wuya a yi dambe da wanda ke zaune. Ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa tsawo, sau uku ko huɗu. Wannan yana rage gudun zuciya da gaske, kuma a cikinsa ne za ka sami sararin cewa "Yesu, taimake ni" a ranka.

Sai murya. In ya ɗaga, kai ka sauke. Karin Magana 15:1 ta ce amsa mai taushi takan kwantar da hasala, kuma na ga haka da idona ba sau ɗaya ba: mai ihu yakan gaji in ba a taya shi ba. Ka kira shi da girmansa. In dattijo ne, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri." In Alhaji ne ka ce Alhaji, in Malam ne ka ce Malam, in mace ce babba ka ce Mama ko Hajiya, in ɗan sanda ne ko soja a shinge, "Ranka ya daɗe" ko "Oga", hannunka a fili, ka kashe injin. Mutum yakan ji nauyin ci gaba da zagin wanda ke girmama shi a gaban mutane.

Akwai ramuwar da ba ta da kalma, ita ma ramuwa ce: tsaki, harara, murguɗa baki, dariyar raini, tofar da yawu. Na sha zama sulhu inda mutum zai rantse bai ce komai ba, ashe tsaki ya ja. A wurinmu tsaki ɗaya ya isa ya tada abin da zagi goma bai tayar ba. Haka nan "yi haƙuri" da aka faɗa da gatse. In za ka ba da haƙuri, ka ba da shi da fuskar da ta dace.

In kana da laifi ko kaɗan ne, karɓi naka nan take. Ka goge wa mutum mota da kekenka, ya fito yana zagi. Kada ka fara da "ai kai ne ka taka birki." Ka ce, "Alhaji, na goge ka, yi haƙuri, mu gangara gefe mu duba." Zagin da ya yi laifinsa ne, gugar kuma taka ce, kowa da kayansa.

In duk ka yi wannan bai sauka ba, tafi. Samari sun fi jin zafin wannan mataki, domin za a ce sun ji tsoro. A Nazarat mutanen garinsu suka kai Yesu bakin dutse za su jefa shi, ya ratsa ta tsakiyarsu ya yi tafiyarsa, Luka 4:30. A Haikali suka ɗebi duwatsu, ya fita, Yahaya 8:59. Wa zai ce masa matsoraci? Karin Magana 20:3 ta ce daraja ce ga mutum ya janye daga husuma, kowane wawa ya iya tada ta. Naira ɗari biyu ta canji ba ta kai kwana ɗaya a ofishin 'yan sanda ba, balle ɗinki a asibiti. Ka tafi ba tare da jefa maganar ƙarshe ta bayan kafaɗa ba. Wannan "za ka gani" da ake yi a bakin ƙofa ita ke dawo da faɗan da ya riga ya mutu.

'Yan zuga

Sau da yawa wanda ya tsokane ka bai kai abokinka haɗari ba. "Kai, haka za ka tsaya ya zage ka?" "Wallahi ni ba a yi mini haka." Mai faɗin wannan ba zai bi ka gidan yari ba, ba zai biya kuɗin magani ba. Lokacin da Dawuda ke gudu daga Absalom, Shimai ya bi shi yana zagi yana jifa da duwatsu. Abishai, jarumi kuma ɗan 'yar'uwarsa, ya ce a bar shi ya je ya fille kan wannan mataccen kare. Dawuda ya hana shi, ya ce a ƙyale Shimai, watakila Ubangiji ya dubi wahalarsa, 2 Sama'ila 16. Da ƙauna Abishai ya yi maganar, duk da haka shawarar banza ce.

Ka nemi irin Abigiyel a kusa da kai. A 1 Sama'ila 25 Dawuda ɗin nan dai ya ɗaura takobi da mutum 400 zai shafe gidan Nabal saboda baƙar magana ɗaya. Abigiyel, matar Nabal, ta tare shi a hanya da abinci, ta tuna masa cewa ranar da ya zama sarki ba zai so jinin da aka zubar a banza ya riƙa damun zuciyarsa ba. Dawuda ya saurara, ya gode wa Allah da ya aiko ta. In matarka ta riƙe maka riga, ko yaron shagonka ya ce "Oga, ƙyale shi", kada ka ture su.

In kai ne ɗan kallo, kada ka tsaya yanke hukuncin wa ke da gaskiya a tsakiyar hayaniya. Ka janye wanda ka sani, ka bar wani ya janye ɗayan.

In ya taɓa bangaskiyarka

Nan ne wuri mafi zafi. An ce maka arne ko kafiri, ko an yi wa sunan Yesu ba'a. Zuciya takan ce ai wannan kishin Allah ne, dole in amsa. Yakubu da Yahaya ma haka suka ji sa'ad da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, har suka nemi izinin kiran wuta daga sama. Ya juya ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye, Luka 9:51-56. Shi da aka zaga bai rama ba, in ji 1 Bitrus 2:23, bai kuma ɗauke ka aikin rama masa ba.

Doka ɗaya nake ba samarinmu, ba ta da togiya: kada ka taɓa zagin abin da maƙwabcinka Musulmi yake girmamawa, ko annabinsa, ko littafinsa, ko sallarsa, da baki ko a rubuce, ko da shi ya fara. Ba wata magana da ta halatta a kashe mutum ko a ƙona gida, wanda ya yi haka mai laifi ne a gaban Allah da gaban doka. Amma kai an umarce ka ka ba da amsar begenka da tawali'u da girmamawa, 1 Bitrus 3:15, zagi kuwa bai taɓa jawo kowa wurin Almasihu ba.

Ka koyi bambanta mai tambaya da mai tarko. Mai tambaya yakan same ka kai kaɗai, yana sauraron amsa. Wannan ka zauna da shi, ku sha shayi, ka gaya masa abin da ka gaskata. Mai tarko yakan jira sai majalisa ta cika, ya jefo tambayar da ya san inda yake so ta kai ka. Amsarsa gajeriya ce: "Malam, ni Kirista ne, ka sani. Muna zaman mutunci da kai, ba zan yi gardamar addini a nan ba." In ya sake, ka sake faɗin haka. Sanballat, mai son hana ginin garun Urushalima, ya aika wa Nehemiya sau huɗu ya sauko su gana, sau huɗu Nehemiya ya ba shi amsa iri ɗaya, cewa yana kan babban aiki.

Kada kuma bakin mutum ɗaya ya sa ka yi wa jama'a duka kuɗin goro. A watan Yuni 2018, lokacin da mahara suka afka wa ƙauyen Nghar da ke ƙaramar hukumar Barkin Ladi a jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum fiye da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya ƙi ba da su. Fasto James Wuye kuwa, a nan Kaduna, ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992 yana cikin matasan da suka fita faɗa. Daga 1995 ya haɗa kai da Imam Muhammad Ashafa, wanda shi ma ya rasa malaminsa da 'yan'uwa a wancan rikici, suka shiga aikin sulhu tare. Duk saurayin da ke ganin ramuwa jarumta ce, ya nemi labarin mutumin da ya gwada ta ya biya da hannunsa.

Waya

A Facebook da WhatsApp ba ka ganin fuskar mutum, shi ya sa yatsa ya fi baki saurin ɓarna, kuma abin da ka rubuta ana ɗaukar hotonsa ko ka goge. In saƙo ya ɓata maka rai, kife wayar, kada ka amsa sai ka kwana. Kada ka yi saƙon murya kana huci. Hoton gawa ko na cocin da aka ƙona da aka turo maka da "ku yaɗa", kada ka tura, domin sau da yawa tsohon hoto ne ko na wata ƙasa, ko da na gaskiya ne kuma ba ka san hannun da zai faɗa ba. In wani guruf kullum zagi ne, fita.

Gida da ikilisiya

Gaskiyar magana, yawancin ƙarar da ke zuwa gaban dattawa daga cikin gida take fitowa: miji da mata, uwar miji da suruka, matan gidan haya a kan igiyar shanya da layin famfo, 'yan kwamiti a kan kuɗin baiko. A waje muna iya daurewa saboda kunya, a gida muke sauke kayan. Ku yi yarjejeniya da matarka tun kuna shiri cewa duk wanda ya ce "mu dakata", za a dakata, kuma za a dawo kan maganar kafin a kwanta ko washegari da safe. Kada ku yi a gaban yara. Kada a tono abin da aka riga aka yafe, kada a sa iyaye a ciki. A taron majalisa, in an yi maka baƙar magana, ka fuskanci mai kujera da amsarka, kada ka fuskanci wanda ya yi ta.

Abu ɗaya nake so in faɗa da babbar murya, domin mu dattawa da zumuntar mata mukan yi sakaci a nan. Matar da mijinta ke duka, "ki yi haƙuri" kaɗai ba amsa ba ce. Wanda ke dukan shi ne ya rasa kamun kai, shi za a zaunar. Ita ta fita zuwa inda za ta tsira, ta gaya wa fasto da iyayenta, in abin ya ci gaba a kai ga hukuma. Ba ayar da ta ce ta zauna a kashe ta.

Bayan ka huce

Wanda ya haɗiye fushi ya bar shi a ciki bai gama aiki ba. Irin wannan ne ke yin shiru wata shida, ranar da ya fashe kowa ya rasa dalili. Da farko ka kai wa Allah abin yadda yake, ba kwaskwarima, Zabura cike take da irin wannan kuka. Sa'an nan ka yi wa mutumin addu'a da sunansa, kamar yadda Matiyu 5:44 ta umarta. Ranar farko da ƙyar zai fito. Ka ci gaba.

Sai ka auna: wannan abin na ƙyalewa ne ko na bi? Zagin wanda ba ka sani ba a kan hanya, ƙyale shi, Karin Magana 19:11 ta ce daraja ce mutum ya kau da kai daga laifi. Ishaku ya bar wa makiyayan Gerar rijiya biyu da bayinsa suka haƙa, ya matsa gaba ya haƙa ta uku, a can ya sami sarari, Farawa 26. Amma in haƙƙi ne da zai ci gaba da cutar da kai ko wani, kamar iyakar gona, albashin da aka danne, ko sharrin da zai ɓata maka suna, to bi shi ta hanyarsa. Sa'ad da wani dogari ya mari Yesu a gaban babban firist, bai rama ba, amma ya tambaye shi: in na faɗi mugun abu ka nuna, in kuwa daidai na faɗa, don me ka mare ni? Bulus ma, da za a yi masa bulala a Urushalima, ya tambayi jarumin sojan da ke wurin ko doka ta yarda a bulale ɗan ƙasar Roma ba tare da shari'a ba, Ayyukan Manzanni 22:25. Juya ɗaya kuncin bai hana ka faɗin gaskiya da neman haƙƙi ba.

Matiyu 18:15-17 ta shimfiɗa hanyar tsakanin masu bi. Ka same shi shi kaɗai tukuna, ba a wurin da abin ya faru ba, ba kuma a gaban yaransa ko matarsa ba. Ku gaisa sosai, ka tambayi iyali. Sa'an nan ka faɗi abin da ya faru da yadda ya taɓa ka, ban da "kullum haka kake". Misali: "Yaya, maganar da ka yi ranar Lahadi a gaban matasa ta yi mini zafi, na ce gara in zo in gaya maka da in riƙe ka a zuciya." Daga nan ka yi shiru ka ji nasa, wataƙila akwai abin da kai ma ka yi ba ka lura ba. In bai ji ba, ka koma da mutum ɗaya ko biyu, kuma ka zaɓi waɗanda shi ma yake jin nauyinsu, kada ka kwaso abokanka. Sai in wannan ya gagara a kai gaban ikilisiya.

In ba mai bi ba ne, tsarin bai sauya sosai ba, masu shiga tsakani ne suka bambanta: mai unguwa, sarkin kasuwa, shugaban ƙungiyar 'yan keke ko ta makanikai, ko limamin unguwarsu tare da fastonku. 'Yan sanda da kotu suna nan in abin ya kai can, zuwa wurinsu kuma ba rashin bangaskiya ba ne. Ka tafi da shaida da takarda in akwai, ka bar zuga a gida.

Wani za ka bi duk waɗannan matakai ya ƙi sauka. Romawa 12:18 ta san da irinsa, shi ya sa ta ce in mai yiwuwa ne, iyakar abin da ke wajenku. Ka rage hulɗar kuɗi da shi, ka daina zama inda yake samun damar taɓa ka, ka hana yaranka da 'yan'uwanka ɗaukar faɗan a madadinka. Gaisuwa kuwa kada ka yanke, ko yana amsawa ko ba ya amsawa, in kuma an yi masa rasuwa ko haihuwa ka je.